'Yan Ɗarikar Amish: Masu Keken Doki a Ƙasar Motoci

Duk wanda ya ji an ambaci Amurka, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne motoci da jiragen sama da benaye masu taɓo gajimare. To, a cikin wannan ƙasa akwai waɗansu Turawa Kirista waɗanda har gobe keken doki ne abin hawansu, da dawaki da alfadarai suke huɗa, ba su kuwa yarda a ja wayar lantarki ta shiga gidajensu ba. Sunansu Amish. Ba talauci ya kai su ga haka ba, gama da yawansu suna da gonaki da shaguna da abin hannu. Ba kuwa rashin sani ba ne, don kullum motocin nan suna wuce su bisa hanya. Da gangan suka zaɓi wannan zama, sun kuma sha wuya a kansa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu asalinsu da dalilinsu.

Tushen al'amarin daga birnin Zurik ne, ƙasar Suwizalan, cikin watan Janairu na 1525, sa'ad da ƙasashen Turai ke cikin rikicin gyaran addini. A zamanin nan addini da sarauta a haɗe suke, kowane jariri aka haifa sai a yi masa baftisma, watau wankan shiga addinin Kirista. Sai waɗansu samari masu karatu suka tashi suka ce baftisma alkawari ce, jariri kuwa bai san alkawari ba, sai mutum ya yi hankali ya nema da bakinsa. Suka sake yi wa junansu. Suka ƙara da cewa mai bin Almasihu ba ya ɗaukar takobi, ba ya rantsuwa, ba ya riƙon sarauta. Hukuma ta ce wannan tawaye ne. Cikin 1527 aka ɗaure ɗaya daga shugabanninsu, Felix Manz, aka nutsar da shi a kogin Limmat. 'Yan Katolika da 'yan Furotesta, waɗanda a lokacin ba su ga maciji da juna, bakinsu ya zo ɗaya wajen farautar mutanen nan.

Akwai wani babban littafi da aka buga a ƙasar Holan cikin 1660, mai suna Madubin Shahidai, shafinsa ya fi dubu, cike da labarin waɗanda aka kashe. Har yanzu ana samunsa a gidajen Amish da yawa. Labarin da ya fi shahara a ciki shi ne na Dirk Willems, wanda ya tsere daga kurkuku cikin 1569, ya bi ta kan wani tafki da ruwansa ya daskare. Wanda ke bin sa ya taka ƙanƙara ta fashe, ya faɗa ruwa yana neman taimako. Dirk ya juyo ya tsamo shi. Aka kama Dirk nan take, aka ƙone shi. Da irin wannan labari ake renon yaran Amish, wanda kuwa bai san shi ba ba zai gane abin da ya sa suke ɗari-ɗari da hukuma ba.

Daga baya aka riƙa kiran mafi yawan mutanen nan Menonayit, saboda wani malaminsu mutumin Holan, Menno Simons. Cikin 1693 wani dattijonsu, Jakob Ammann, ya ce 'yan'uwa sun yi sanyi. Ya nemi a tsananta ƙaurace wa wanda aka fitar daga jama'a, har a daina cin abinci tare da shi. Wani dattijo, Hans Reist, ya ƙi. Aka rabu, waɗanda suka bi Ammann su ne Amish. Da suka ji William Penn ya buɗe ƙasar Fensilbaniya ga kowane mai addini, sai suka fara ƙaura. Wani jirgin ruwa ya sauke ayarinsu a Filadelfiya cikin 1737, waɗansu suka biyo baya. A Turai kuwa suka yi ta raguwa, har jama'arsu ta ƙarshe, a ƙasar Jamus, ta haɗe da Menonayit cikin 1937.

Amish na tsohuwar hanya ba su gina majami'a. Gidaje kamar ashirin da biyar zuwa talatin da biyar su ne jama'a guda, suna taruwa ran Lahadi, mako ɗaya a yi mako ɗaya a huta, yau gidan wannan, nan gaba gidan wancan. Akwai keken da ke ɗaukar bencina daga gida zuwa gida. Sujada takan ci wajen sa'a uku, maza gefe guda, mata gefe guda. Ba ganga, ba molo. Waƙoƙinsu daga wani littafi suke wanda aka fara bugawa cikin 1564, waɗansunsu fursunoni ne suka tsara a kurkukun Passau, ana kuwa jan su a hankali ƙwarai, har waƙa ɗaya takan kai kusan sulusin sa'a. A gida suna magana da wani karin Jamusanci, Turanci sai a makaranta da kasuwa.

Yadda suke naɗa limami abin a tsaya a duba ne. Kowace jama'a tana da bishof ɗaya, da masu wa'azi biyu ko uku, da dikin mai lura da mabukata. Ba wanda ya je makarantar limanci, ba wanda ake biya ko anini, ba kuwa wanda ya isa ya ce yana so. In gurbi ya samu, kowane mai baftisma, namiji da mace, ya je ya raɗa sunan wanda ya ga ya dace. Waɗanda sunansu ya fito sau da yawa a zaunar da su gaban tebur, a jera littattafan waƙa daidai yawansu, cikin ɗaya an ɓoye 'yar takarda mai aya. Kowa ya ɗauki guda. Wanda takardar ta faɗo a nasa, shi ke nan, ya ɗauki kayan har mutuwarsa. Hujjarsu ita ce ƙuri'ar da aka jefa aka zaɓi Matiyas a cikin Ayyukan Manzanni. Ran nan ba a yi wa mutum barka, sau da yawa kuka ake yi, shi da iyalinsa, don nauyin da ya hau kansa. Mu dai, da muka saba ganin yadda ake kashe dukiya da zumunci wajen neman muƙami, wannan ya ba mu sha'awa.

Sutura kuwa iri ɗaya ce, ba ado. Namiji in ya yi aure ya bar gemu, amma ya aske gashin baki, don a Turai ta dā gashin baki alamar soja ce. Mata suna rufe kai da 'yar hula, ba zobe, ba 'yan kunne. Ba su tsayawa a ɗauki hotonsu, suna ganin wannan ƙofar girman kai ce, tawali'u kuwa shi ne uwar halaye a wurinsu.

Yanzu sai mu zo ga batun na'urori, inda mutane suka fi kuskuren fahimtarsu. Amish ba su ce mota zunubi ce ba. Kowace jama'a tana da nata ƙa'idodi, waɗanda suke kira Ordnung, galibi ba a rubuce ba, ana sabunta yarda da su sau biyu a shekara kafin Jibin Ubangiji. In ba a daidaita ba, sai a ɗage Jibin har a shirya. Duk sabon abin da ya shigo, tambayar da suke yi masa ita ce: zai tara mu ne, ko zai watsa mu? Doki ba ya nisa, saboda haka mai doki dole ya yi ciniki da maƙwabcinsa, ya yi sujada da shi, ya nemi aure kusa. Mai mota kuwa ya tashi da safe, kafin azahar ya yi mil ɗari, ba ruwansa da kowa. Don haka suka hana mallakar mota, amma ba su hana shiga ba: in tafiya mai nisa ta kama, sai su yi hayar direba. Haka wayar tarho: wajen 1910 Amish na Lankasta suka fitar da ita daga cikin gida, amma daga baya aka yarda a kafa mata 'yar rumfa a bakin hanya, gidaje da yawa su yi tarayya. Mai bukata ya taka ya je, amma ba za ta yi ƙara ana tsakiyar cin abinci ta raba uba da 'ya'yansa ba. Wutar lantarki ta kamfani sun ƙi ta, don ita ce ke jawo rediyo da talabijin, amma da yawa suna aiki da batir da injin dizal da hasken rana. A wurare da yawa tarakta tana nan tsaye a bakin rumbu tana juya injin, gona kuwa sai dawaki, don kada mutum ɗaya ya haɗiye gonakin mutum goma.

Baƙo yakan yi dariya ya ce wannan ai wayo ne. Su kansu ba bakinsu ɗaya ba: akwai masu tsanani irin 'yan Swartzentruber waɗanda ko famfon ruwa a cikin ɗaki ba su yarda da shi ba, akwai kuma 'yan Beachy da suka ware cikin 1927, yanzu suna tuƙa mota. Amma ko mai dariyar ya san ba kowace al'umma ce ke zama ta auna abu kafin ta karɓa ba.

Abin da suka samu a madadin haka shi ne juna. In rumbun mutum ya ƙone, a yi gayya, maza fiye da ɗari su taru, kafin rana ta faɗi an ta da sabo. In kuɗin asibiti ya fi ƙarfin gida, jama'a ta biya. Tsoho ba a kai shi gidan tsofaffi, sai a yi masa ɗaki jikin gidan ɗansa. Saboda wannan ne suka ƙi shiga asusun fansho na gwamnati, ko da yake suna biyan sauran haraji. Cikin 1961 ma'aikatan haraji suka tarar da wani manomi, Valentine Byler, yana huɗa, suka kwance masa dawaki uku suka yi gwanjonsu. Abin ya ta da surutu a ƙasar, cikin 1965 majalisa ta yafe musu.

Batun makaranta ya fi wannan zafi. Amish suna tsai da karatun 'ya'yansu a aji takwas, wajen shekara goma sha huɗu, daga nan sai gona da sana'a. An ci iyaye tara, an ɗaure waɗansu. Cikin 1965 a jihar Ayowa jami'ai suka zo da mota don su kwashe yara zuwa makarantar gwamnati, yaran suka ruga cikin gonar masara. Cikin 1972 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Jonas Yoder da waɗansu iyaye biyu na jihar Wiskonsin, waɗanda aka ci su tarar dala biyar biyar, ta ba iyayen gaskiya. Amma alƙali guda, William Douglas, ya ce ya kamata a ji ta bakin yaran, gama rayuwarsu ce ake yankewa. A ganinmu maganarsa tana da nauyi. Gaskiya ne ba a tilasta wa kowa baftisma, sai saurayi ko budurwa sun kai wajen shekara goma sha takwas zuwa ashirin da biyu su zaɓa da kansu. Amma wanda karatunsa ya tsaya a aji takwas, danginsa da harshensa da abincinsa duk suna wuri ɗaya, zaɓin nasa bai cika faɗi ba.

Wanda bai yi baftisma ba ya tafi, ba a ƙaurace masa. Wanda ya yi kuwa ya karya alkawari, ya ƙi tuba, sai ya zama saniyar ware: ba a cin abinci tebur ɗaya da shi, ba a karɓar abu daga hannunsa, ba a ciniki da shi, ko da uwa ce da ɗanta. Ana gaisawa, in ya shiga wahala a taimake shi, ran da ya durƙusa gaban jama'a ya tuba a karɓe shi. Su suna cewa magani ne mai ɗaci. Waɗanda suka sha shi da yawa sun ce ɗacin kaɗai suka ji.

Ran 2 ga Oktoba 2006 duniya ta ga ɗaya fuskar. Wani direban motar madara, ba Ba'amish ba, ya shiga wata 'yar makarantarsu a Nickel Mines, Fensilbaniya, ya harbi 'yan mata goma, biyar suka mutu, ya kashe kansa. Tun a ranar waɗansu Amish suka je wurin iyalinsa suka ce sun yafe. Suka halarci jana'izarsa, suka ba matarsa rabo daga gudummawar da aka aiko musu. Suka rushe makarantar, suka gina wata. Sai dai wannan saurin yafewa yana da nasa haɗari, gama jaridu da kotunan Amurka sun sha tono inda aka ci zarafin yara ko mata a cikin gida, dattawa suka kashe maganar da tuba a gaban jama'a, aka matsa wa wanda aka zalunta ya yi shiru maimakon a kai ga hukuma.

An daɗe ana cewa za su ƙare, amma ƙaruwa suke yi. Wajen 1900 ba su wuce dubu biyar ba, cikin 2024 sun haura 400,000, suna ninkawa kusan kowace shekara ashirin. Ba su fita wa'azi, haihuwa ce, kuma cikin kowane ɗari na 'ya'yansu wajen tamanin da biyar suna tsayawa. Fiye da rabinsu suna Fensilbaniya da Ohayo da Indiyana, sauran sun bazu a jihohi da dama har Kanada. Yawan nan shi ya jawo musu sabuwar damuwa: gona ta yi tsada, ba ta isa kowa. Yanzu mafi yawan magidanta ba noma ne abincinsu ba, sai kafinta da gini da shago, a arewacin Indiyana kuwa da yawa ma'aikata suke zuwa. Mai shago yana bukatar waya don masu ciniki, wayar zamani kuwa ba ta bukatar rumfa a bakin hanya, cikin aljihu take kwana, da intanet a cikinta. Waɗansu jama'u sun hana ta ɗungum, waɗansu sun yarda da ita wurin aiki kaɗai, waɗansu kuwa har yanzu dattawansu suna ta shawara a kanta duk sa'ad da Jibin Ubangiji ya matso.