Shirin Musamman: Ƙungiyar Zumuncin Turkawa da Amurkawa

Yau za mu leƙa birnin New York, inda aka kafa ƙungiyar American Turkish Society a shekarar 1949. Ƙungiya ce mai zaman kanta, ba ta neman riba, aikinta ƙulla zumunci tsakanin Turkawa da Amurkawa ta fuskar al'adu, ilimi da kasuwanci.

An kafa ta ne a lokacin da Turkiyya ke ɗar-ɗar da Tarayyar Sobiyet, Amurka kuma na neman abokai. A 1947 shugaba Truman ya nemi majalisa ta ba Girka da Turkiyya tallafin dala miliyan 400. A 1950 sojojin Turkiyya suka tafi yaƙin Koriya, a 1952 ƙasar ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO. Wannan duk harkar gwamnatoci ce. Abin da ya fi jan hankalina shi ne labarin mutumin da ya shugabanci ƙungiyar fiye da shekara 20, wato Ahmet Ertegun.

Mahaifinsa, Munir Ertegun, shi ne jakadan Turkiyya a Washington daga 1934 har rasuwarsa a 1944. Washington ta wancan zamani gari ne na wariyar launin fata. Baƙar fata ba ya cin abinci a ɗaki ɗaya da fari, kuma a gidajen manya ta ƙofar baya ake shigar da shi. Ahmet da yayansa Nesuhi kuwa kiɗan jazz ya shiga ransu, sai suka riƙa gayyato makaɗa baƙar fata zuwa ofishin jakadanci. Ta ƙofar gaba suke shiga, a zauna a tebur guda a ci abinci, sannan a ɗauko kayan kiɗa a kaɗa tare da farare. Wasu 'yan siyasar jihohin kudancin ƙasar sun yi ƙorafi, jakadan bai hana 'ya'yansa ba. Ku tuna fa, masu sauraro, ana saura kusan shekara ashirin a kafa dokar hana wariya ta 1964 ne wannan ya faru. Gaskiya wannan dattijo ya cancanci a tuna da shi.

Bayan rasuwarsa, jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Missouri ne ya kai gawarsa Istanbul a 1946. Ahmet ya yi zamansa a Amurka. A 1947 ya ranci dala dubu 10 daga wani Baturke likitan haƙori, suka kafa kamfanin faya-fayan waƙa na Atlantic Records shi da Herb Abramson. A nan Ray Charles ya yi suna, a nan tauraruwar Aretha Franklin ta haska. Wani ɗan Istanbul, Arif Mardin, ya shafe shekaru gommai yana tsara kiɗa a kamfanin.

Ita kuwa dangantakar gwamnatocin biyu, yau fari gobe tsumma. Amurka ta ƙaƙaba wa Turkiyya takunkumin makamai a 1975 saboda rikicin Cyprus. A 2003 majalisar Turkiyya ta ƙi amincewa sojojin Amurka su bi ta ƙasarta zuwa Iraƙi. A 2019 aka cire Turkiyya daga shirin jirgin yaƙi na F-35 don ta sayi makaman S-400 daga Rasha. Duk wannan bai sa ƙungiyar ta rufe ƙofa ba. Tana ci gaba da haɗa 'yan kasuwar ƙasashen biyu a tarurruka, tana tallafa wa masu fasaha da ɗalibai.

Ahmet Ertegun da Arif Mardin sun rasu a shekara guda, 2006, aka binne Ahmet a unguwar Uskudar ta Istanbul. Daga baya ƙungiyar ta kafa tallafin karatu da sunayensu: na Ertegun a makarantar Juilliard ta New York, na Mardin kuma yana kai matasan makaɗa daga Turkiyya kwalejin Berklee da ke Boston.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.