Idan aka ce magajin gari ya shiga hannu: abin da ya kamata ku sani

A Maraɗi, da zarar an ce magajin gari yana da matsala, kafin la'asar 'yan fada sun riga sun kai shi gidan kaso. Alhali abu uku ne ake haɗawa wuri guda: dakatarwa, tsigewa, da gurfanarwa gaban alƙali.

Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010 ta ba kansiloli damar kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna ga wanda suka ɗora, ta kuma ba gwamnati ikon dakatar da shi, ko majalisar ministoci ta sauke shi. Haka ta faru a Yamai ga Umaru Dogari a 2013, da Asan Saidu a 2017. Saukewa hukunci ne na mulki. Ba ta mai da mutum ɓarawo, sai kotu ta ce. Maraɗi ma ta ga haka: Kasum Moktar, wanda aka zaɓa a 2011, ya rasa kujerarsa kafin wa'adi ya cika, amma a 2016 ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar CPR-Inganci, daga baya ya zama minista.

A Afrilun 2024 gwamnatin Janar Abdurahaman Tiani ta rusa dukkan majalisun da aka zaɓa a Disamban 2020, ta naɗa kantomomi. Birnin Maraɗi da gundumominsa 3, da Tibiri ta Gidan Rumji, da Jiratawa ta Madarunfa, duk abin ya shafe su. Rusa majalisa ba ya share lissafin baya. Wanda ya taɓa kuɗin jama'a, takardunsa na nan.

Rigimar ofishin magajin gari takan tashi daga wuri biyu, kuɗin haraji da fegi. Na fegi ya fi zafi. Gari na faɗaɗa, ana yanka gonaki, manomi na jiran diyya, wani lokaci a wayi gari mutum biyu kowa riƙe da takardar fegi ɗaya. Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: wurin da aka yanka, hanyar ruwa ce ko tudu? Wanda ya ga yadda Gulbin Maraɗi ke tumbatsa a watan Agusta ya san ba tambayar wasa ba ce. Amsarta kuwa tana hannun masu awon ƙasa, ba 'yan siyasa ba.

Nan rediyo ya shigo. Gidaje irin su Anfani da Sarauniya, da shirin Studio Kalangou da ya fara a 2016, sun saba mana da muhawarar siyasa, kowa ya bugo waya ya faɗi tasa. Shirin kimiyya da Hausa shi ne bai samu irin wannan gata ba, kuma a ganina ya fi amfani.

Ku tuna Tibiri. Daga 1985 mutanen garin suka yi shekaru suna shan ruwan famfo mai sinadarin fulorayid fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a lita ɗaya, na Tibiri ya ninka haka sau uku ko fiye. Haƙoran yara suka dafe, ƙafafun ɗaruruwa suka lanƙwashe. Ruwan garau yake a ido, babu wari, shi ya sa uwa ba za ta zarge shi ba. Wannan ba laifin magajin gari ba ne, kamfanin ruwa na gwamnati ke riƙe da famfon, zaɓaɓɓun kansiloli ma sai bayan zaɓen 2004 suka fara aiki. Amma da a ce akwai malamin da ke shiga rediyo kowane mako yana bayanin yadda ake auna ruwa, da wani ya nemi ganin takardar awo tun da wuri.

Masanan ba su yi nisa ba. Ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a cikin gari, ga cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna. Mai noman rani a Jiratawa na son sanin kwana nawa zai jira bayan feshi kafin ya tsinki zogale ya kai kasuwa. Masu gidajen rediyon Maraɗi, ku ba waɗannan malamai ko rabin awa ne a mako, ku buɗe layin waya.