Miyar Fiza da Tumatirin Ajiya: Kada Kanwa Ta Shiga Kwalba

Daga Janairu zuwa Maris tumatir ba ya da daraja a ƙasar Kano. Noman rani ya nuna a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga yake kaiwa, motoci na loda kwanduna a Kwanar Gafan, kasuwar Yankaba ta cika ta batse. Arahar tana isowa har nan Balan da sauran garuruwan Gaya da Ajingi, ga kuma na masu lambu a fadamun kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim. Amma da an shiga Mayu sai labari ya sha bamban. Wanda ya ga 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ba ya bukatar a yi masa bayanin tsada. Shi ya sa matan gida suke sayen kwando lokacin araha, su markaɗa, su dafa, su ɗura a kwalba don damina.

Yanzu kuma an samu ƙari. 'Yan mata da amare masu sana'ar fulawa sun koyi yin fiza ta waya, suna gasawa a ƙaramin oben ko a tukunya da yashi, suna sayarwa ranar Sallah da wajen biki. Jar miyar da ake shafawa a kan burodin ita ce ruhin abin, kuma mai sana'a takan so ta haɗa da yawa sau ɗaya ta ajiye, don kada duk oda sai ta koma markaɗe.

Miyar kanta ba ta da wuya. A birnin Nafoli na ƙasar Italiya, inda fiza ta samo asali, tumatir ne kawai ake murjewa da gishiri, a ɗora ganyen ɗoɗɗoya da ɗan man zaitun, zafin murhu ya ƙarasa sauran aikin. A gida, a zaɓi tumatir mai tsoka marar ruwa sosai, irin UTC ko Roma. A tsoma shi cikin tafasasshen ruwa na minti ɗaya, a mayar cikin ruwan sanyi, ɓawon zai saɓule da kansa. A markaɗa ba tare da ƙara ruwa ba, a soya tafarnuwa da 'yar albasa a mai kaɗan, a juye tumatirin, a rage wuta a bar shi ya tsotse har cokali ya bar layi a gindin tukunya. Gishiri da masoro da ɗoɗɗoya a ƙarshe. Idan ta yi ruwa, burodin zai jiƙe ya ƙi gasuwa. Wannan miyar, in yau za a ci ko gobe, babu abin tsoro a cikinta.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ajiya, kuma ya haɗa da wata ɗabi'a da kusan kowace uwargida ta gada: jefa 'yar kanwa ko bakin soda a miyar tumatir don kashe tsami. A tukunyar tuwon dare wannan ba laifi ba ne. A kwalbar da za a rufe a tura ƙarƙashin gado wata huɗu, kanwar nan tana iya zama sanadin ajali, domin tsamin da aka kashe shi ne mai gadin kwalbar.

Ga yadda abin yake. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum wadda ke zaune a cikin ƙasa da ƙura a ko'ina a duniya, har da gonar da aka tsinko tumatirin. Idan wuri bai yi mata ba, sai ta dunƙule cikin wani kwanso mai tauri ta kwanta. Tafasa irin ta tukunyarmu, wadda ba ta wuce digiri 100, ba ta kashe wannan kwanson. Sai zafin da ya kai wajen digiri 121, irin na tukunyar matsin tururi da kamfanonin gwangwani ke amfani da ita. Ƙwayar tana farkawa ne idan ta samu abubuwa uku a haɗe: wurin da iska ba ta shiga, ɗumi, da abinci marar tsami. Rufaffiyar kwalba a ɗakin Gaya cikin zafin Afrilu ta ba ta biyu kyauta. Saura ɗaya. Masana suna auna tsami da ma'aunin pH, kuma ƙwayar ba ta yaɗuwa idan lambar tana ƙasa da 4.6. Tumatir a bakin wannan iyakar yake, wani ya faɗa ƙasa, wani ya ɗan haura, kuma idan ya nuna ya yi luguf tsaminsa raguwa yake. Albasa da tattasai da attaruhu da tafarnuwa duk ba su da tsami, saboda haka haɗaɗɗen kayan miya ya fi zallan tumatir haɗari. A zuba kanwa a kai, an cika mata sharaɗi na uku.

Dafin da take fitarwa yana cikin mafi ƙarfin guba da ɗan Adam ya sani, kuma abin takaici ba kullum yake nuna alama ba. Wata kwalbar murfinta zai kumbura, ta yi kumfa ko wari, wata kuwa jajawur za a gan ta, ƙamshi lafiya lau. Don haka lasa da yatsa don a ji ko ta lalace ba gwaji ba ne, ganganci ne.

Kada a ce wannan ciwon Turawa ne. Gaskiya Italiya, gidan fiza, tana cikin ƙasashen Turai da suka fi fama da shi, kuma dalilin shi ne al'adarsu ta adana kayan lambu a kwalba da mai a gida. A watan Agustan 2025 an rasa rayuka a yankunan Kalabiriya da Sardiniya. Amma a nan gida ma, a Janairun 2018, an yi zargin cutar ta kama mutum uku 'yan gida ɗaya a Abuja, biyu suka rasu. Abuja ke nan, inda akwai likitocin da suka gane ta. A karkara, mutum ya kwanta da nauyin harshe da mutuwar jiki, sai a ce shanyewar ɓarin jiki ce, ko iska, ko sammu, ba wanda zai waiwayi kwalbar miya.

To, yaya za a yi ajiyar da babu fargaba? Abu na farko, a ɗura zallan tumatir. Albasa da tafarnuwa da mai da kayan ƙamshi su jira ranar da za a buɗe, minti goma ya isa a mayar da shi miyar fiza ko miyar dage-dage. Maimakon a rage tsami, ƙara shi ake yi. Ƙa'idar da ma'aikatar gona ta Amurka take bai wa masu adanawa a gida ita ce babban cokali biyu na ruwan lemon tsami irin na kamfani a kowace kwalba mai cin kusan lita ɗaya, ko rabin ƙaramin cokali na garin sitirik asid, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan kek. Kwalbar rabin lita, rabin wannan awon. Garin ya fi tabbas, domin ƙarfinsa ba ya canzawa kamar na lemo. In tsamin ya yi wa harshe yawa ranar girki, a sa ɗan sukari. Sukari yana ɓoye tsami a baki ba tare da ya kashe shi ba, kanwa kuwa kashe shi take yi, kuma ko ita a lokacin, miya na kan wuta za a ci, ba ta da illa.

Kwalbar ta zama ta gilashi, marar tsagewa, a wanke ta tas a dafa. Kwalbar Bama da aka saba amfani da ita tana yi, amma a duba murfin: in ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe ko robar cikinsa ta cinye, ba zai kama ba. A zuba tumatirin da zafinsa, a bar sarari kamar faɗin yatsa a sama, a goge bakin, a ɗaure. Sai a shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, a jera kwalaben a tsaye, ruwa ya shanye kansu da kamar yatsu biyu, a tafasa minti 40 ga 'yar rabin lita, minti 45 ga mai lita. Lissafin yana farawa ne daga lokacin da ruwan ya fara zaɓalɓala, ba daga ɗora tukunya ba. Bayan sun kwana sun huce, a danna tsakiyar murfin. Wanda ya lotsa ciki ya tsaya, ya kama. Wanda yake motsi, a dafa shi a cinye a ranar.

Akwai dabaru biyu da suka yaɗu waɗanda ya kamata a bari. Ɗaya ita ce ɗurawa a gorar ruwa ta roba: ba a iya dafa ta, kuma zafi yana narka ta. Ɗayar ita ce kwarara man gyaɗa a saman tumatir da sunan toshe iska. Iskar kam yana toshewa, sai dai abin da ƙwayar take nema ke nan. Tafarnuwa da aka jiƙa a mai aka bari a waje ma haka take. Masu firij kuwa, dafaffiyar miya ba ta wuce kwana uku zuwa huɗu a ciki, kuma wannan lissafin na firij ne mai wuta dare da rana. Wadda ta ƙanƙare ta narke ta wuni da ɗumi ba ta cikin lissafi.

Fasasshen tumatir da ake karyarwa da yamma a kasuwa ba na ajiya ba ne, musamman wanda ya fara farin gashi ko baƙin tabo, domin funfuna tana cin tsamin da ake bukata. Wajen injin markaɗe kuma, a je da ruwan gida, a tsaya a ga an ɗauraye shi daga ƙullun wanda ya riga. Wadda ba ta da kwalabe ko itacen tafasa na tsawon wannan lokaci, kauɗa ta fi mata: busasshen tumatir ba ya bai wa wannan ƙwayar wurin zama, muddin an shanya shi a kan tabarma ko raga mai tsabta a sama da ƙasa, ba a gefen kwalta ba, ya bushe ƙayau kafin a ɗure.

Duk kwalbar da aka buɗe, a juye a tukunya a tafasa ta sosai minti goma kafin a shafa a fiza ko a zuba a shawarma. Zafin tafasa ba ya kashe kwanson, amma yana lalata dafin. Wadda ta kumbura ko ta fesa da aka buɗe, kada a yi ƙoƙarin ceto ta, kada a ba kaji ko awaki, a binne ta.

Alamomin cutar sukan bayyana tsakanin awa 12 zuwa 36 bayan cin abincin, wani lokaci su ɗauki kwanaki. Mutum zai ga abu ɗaya ya zama biyu ko ido ya yi hazo, fatar ido ta faɗo, baki ya bushe, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara, kasala ta taso daga sama ta gangara ƙasa. Yawanci babu zazzaɓi, hankali kuma yana nan. Abin da ke kisa shi ne tsayawar numfashi. Duk wanda aka ga haka a jikinsa, musamman in mutum biyu ne da suka ci kwano ɗaya, a garzaya da shi Babban Asibitin Gaya a kan lokaci, a tafi da ragowar kwalbar, a faɗa wa likita abin da aka ci, domin yana iya bukatar a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano inda ake da na'urar taimakon numfashi.