Makaɗin da Ganga Ba Ta Ciyar da Shi

A garuruwan arewacin Zamfara, daga Dauran da Moriki a ƙasar Zurmi har Badarawa ta ƙasar Shinkafi, akwai wani irin makaɗi da ba a jin sunansa a rediyo. Manomi ne, ko tela, ko mahauci, ko ɗan kabu-kabu. Da damina sammako yake yi zuwa gona kamar kowa, gangarsa tana rataye a bangon ɗaki. Sai ranar gayya, ko daren suna, ko da kaka in samari sun share fagen kokawa, a aika yaro ya kira shi. Abin da zai samu bai wuce goro da ɗan canji ba, in an yi abin kirki a ba shi damin gero. Masana sukan raba makaɗa gida biyu, na gado da na haye, kuma wannan yawanci ɗan haye ne, sha'awa ce kawai ta kai hannunsa ga fata. A ganina, wannan bawan Allah shi ne saiwar kiɗan da Zamfara take tinƙaho da shi, kuma shi ne rashin tsaro yake shafewa ba tare da kowa ya yi masa kuka ba.

A dubi manyan da ake ambato. Ibrahim Narambaɗa, haifaffen Tubali, ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, kuma da kiɗan noma ya buɗe baki tun kafin kotsonsa ya shiga fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, shi ma a kiɗan noma ya yi wayo tare da mahaifinsa kafin ya zama makaɗin sarakuna har ya waƙe Sardauna. Kassu Zurmi kuwa a tsakanin 'yan tauri da mafarauta ya yi suna. Waɗanda suka shiga fada a cikinsu, ta same su ne da gwanintarsu, gona da daji da dandali suka rene su. Kuma ba su kaɗai suke kiɗa a ƙauyukansu ba. A kewayen kowane ɗayansu akwai tarin masu ganga da kalangu da gurmi da ba wanda ya rubuta sunayensu, waɗanda a cikinsu ake gogayya har zakara ya fito.

To, ina irin wannan makaɗi yake samo waƙa? A cikin aikin da yake yi. Karin kiɗan noma yana bin saran fartanya ne, domin in ganga ta yi sauri ta bar manoma, aiki ya ɓaci. Yana jin luguden mata a turmi, da kirarin ɗan kokawa, da habaicin da ake jifan juna da shi a rumfar kasuwa, ya adana a ka. Daga nan ya ɗaura gindin waƙa, ya riƙa ɗora mata ɗiya: a yabi wanda ya riga kowa fita kunya, a yi wa rago zambo, a ambaci uban wane da kakan wane da irin damman da suka ɗaure. Abin da ya fi muhimmanci shi ne alƙalansa suna gabansa, gumi yana zuba a jikinsu. In 'yan gayya suka karɓi amshi, waƙa ta rayu. In suka yi gum, a nan bakin gona za a bar ta. Babu makarantar waƙa da ta kai wannan tsanani, kuma ita ta koya wa mawaƙan Zamfara iya zaɓen kalma.

Wannan makarantar ce take rufewa. Gaskiya ne maganin feshi da ƙwadago sun rage gayya tun da daɗewa, amma 'yan bindiga ne suka ƙarasa ta a wurare da yawa. Wa zai tara majiya ƙarfi a gona mai nisa, ya kuma buga gangar da ake jiyowa daga wani ƙauye? Hirar dare ta ɗauke, 'yan mata sun bar gaɗa, iyalai sun yi gudun hijira zuwa Ƙaura Namoda da Gusau. A shekarar 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya, domin a toshe wa ɓarayin daji hanya. Ko da an buɗe su daga baya, kasuwar da ake ci ana waige ba fagen makaɗi ba ce.

Wani zai ce, ana jana'iza wa yake ta ganga? Maganarsa tana da nauyi, rai ya fi kiɗa. Sai dai kare rai ya haɗa da kare abin da ya mai da taron gidaje gari, kuma yaron da ya tashi bai taɓa jin an yabi manomi ba, sai labarin mai bindiga, an riga an nuna masa wanda ake tsoro da girmamawa. Wani kuma zai ce kiɗa roƙo ne, ko ya kawo hujjar addini, musamman a jihar da ta fara aiki da Shari'a a 2000. Malamai suna da maganganunsu a kan kiɗa, kuma a wurinsu hukunci yake. Amma zargin roƙo bai hau kan mutumin da yake ci da fartanyarsa ba, wanda waƙarsa ma rago take zagi. Mawaƙin da ya cancanci tofin Allah tsine shi ne wanda yake wasa 'yan bindiga don kuɗi, kuma an ji irinsu a wayoyi.

Akwai kuma masu cewa ai situdiyo da TikTok sun maye gurbi. Ba laifi saurayin Dauran ya je Gusau ko Kano ya ɗauki waƙarsa a kan fiyano. Matsalar ita ce na'ura kari ɗaya take bai wa kowa, kuma yakan ajiye Zamfarcinsa ya ari Kananci don ya shiga kasuwa. Abin da ya sa har yau ake sauraren Narambaɗa kuwa, da harshen gidansu ya yi waƙa.

Saboda haka ina kira ga ɗaliban Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau, da matasan Zurmi da Shinkafi da Ƙaura masu waya a aljihu: ku nemi dattawan nan a inda suke gudun hijira, ku ɗauki taken noma da na kokawa daga hannunsu, ku rubuta sunan kowa da garinsu. Masu biki kuma, in an samu sarari, a kira mai gangar unguwa kafin a ɗauko lasifika.