KOYON ILMIN AKANTA DA SHIRIN AIKI DA SHI

Gabatarwa

Kudancin Jihar Katsina, watau ƙasashen Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da maƙwabtansu, wuri ne na noma da fatauci. Masara da dawa da waken soya da auduga ba sa yankewa a kasuwanni irin su Ɗandume da Sheme da Funtuwa, kuma duk buhun da aka ɗora a mota kuɗi ne suka sauya hannu, ko da yake mafi yawan lissafinsu a ka ake riƙe shi. Ban da wannan, kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar tana da baitulmali wanda tilas a sami mai riƙe littattafansa. Saboda haka ɗalibin da ya tashi daga Sabuwa zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, don ya koyi ilmin akanta, ya zaɓi sana'ar da ake bukata a gida ƙwarai. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa akanta sana'ar hannu ce kamar ƙira ko saƙa, da aikatawa ake ƙwarewa a cikinta, sa'an nan kuma amana ce. Yadda ɗalibi ya yi karatunta, haka zai yi aikinta.

Asalin Sana'ar

Kalmomin da Bahaushe yake amfani da su a wannan fage sun isa su ba da tarihinsa. Ma'aji da ajiya Hausa ne tsantsa, kuma sarautu ne da suka daɗe a fadojin ƙasar Hausa. Baitulmali daga Larabci aka aro shi, akawu ya shigo ta bakin Yarabawa, akanta da odita da rasit kuwa Ingilishi ne aka yi musu kwaskwarima. Rubuta bashi ma ba baƙon abu ba ne, gama ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta yi magana.

Tsarin da ake koyarwa a makarantu, na shigar da kowane ciniki sau biyu, 'yan kasuwar Italiya ne suka raya shi, Luca Pacioli kuma ya bayyana shi a littafin da ya buga a birnin Banis a 1494. A Arewacin Nijeriya, Katsina ce aka fara gwada baitulmali irin na zamani, a farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko (1906-1944), lokacin Razdan Palmer, inda aka riƙa zuba rabon En'e na haraji wuri ɗaya, ana biyan albashi daga ciki bisa kasafi na shekara. Bukatar ma'aikatan da za su riƙe irin waɗannan littattafai ita ta sa aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya a 1947, wadda daga baya ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo. Ashe ɗalibin Katsina ɗan gado ne a wannan fage.

Abin da Ake Koyo

Misali ɗaya zai bayyana ƙashin bayan ilmin baki ɗaya. A ɗauka wani ɗan kasuwa a Sabuwa ya fito da jarin Naira 1,000,000. Ya sayi masara buhu 20 a kan Naira 40,000 kowane buhu, watau Naira 800,000, ya biya Naira 40,000 kuɗin mota da dako. Daga nan ya sayar da buhu 15 a kan Naira 50,000 kowane, aka ba shi Naira 500,000 a hannu, sauran Naira 250,000 kuwa bashi. In ya laluba aljihu zai tarar da Naira 660,000, sai hankalinsa ya tashi, yana ganin ya faɗi da Naira 340,000.

Akanta zai ce masa ya kwantar da hankalinsa. Kowane buhu ya tsaya masa a kan Naira 42,000, buhu 15 ke nan Naira 630,000, ya kuwa sayar da su Naira 750,000, ribarsa Naira 120,000. Abin da ya mallaka yanzu kashi uku ne: kuɗin hannu 660,000, bashin da yake bi 250,000, da buhu 5 da ke rumbu, 210,000. Jimla 1,120,000, daidai da jarinsa da ribarsa. Amma akantan zai ƙara masa da gargaɗi, cewa ribar nan ba ta shigo aljihu ba tukuna, idan wanda ya ci bashin ya gudu, ta koma asara.

A nan darussa uku suka fito. Riba daban take da kuɗin hannu. Kowane ciniki fuska biyu gare shi, abin da ya shigo da abin da ya fita, shi ya sa ake rubuta shi a ɓangaren hagu na wani asusu da ɓangaren dama na wani. Sa'an nan kadarar mutum kullum daidai take da jarinsa haɗe da bashin da ake binsa. Duk abin da za a koya a shekara huɗu, tun daga lissafin kamfanoni har zuwa binciken odita, a kan waɗannan uku aka ɗora shi.

Yadda Ake Karatunsa

Na farko, a riƙa yi kullum da biro da takarda. Akwai darussan da ake iya karantawa a kwance, amma ban da wannan. Ɗalibi yakan duba aikin da malami ya warware a allo ya ga kome ya fito sarari, sai ya zaci ya iya, alhali kallo kawai ya yi. Ma'aunin ganewa shi ne ya rufe littafi, ya ɗauki sabuwar tambaya, ya warware ta daga farko har ƙarshe. Sa'a ɗaya kowace rana ta fi kwana uku na tsayuwar dare gab da jarrabawa, domin darussan sarƙe suke da juna. Wanda bai iya shigar da ciniki a laja ba, ba zai iya fitar da lissafin ƙarshen shekara ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a koyi farautar kuskure. Idan jimlar hagu da ta dama suka ƙi daidaita, rago yakan leƙa amsa a bayan littafi, ko ya ƙago adadin da zai cike giɓin. Mai neman ƙwarewa kuwa bambancin zai tsura wa ido. In bambancin yana rabuwa da 9 ba saura, mai yiwuwa an juya alƙaluma ne, kamar a rubuta 1,800 maimakon 8,100. In an raba shi biyu aka sami wani adadi da ke cikin littafin, to an sa adadin a ɓangaren da ba nasa ba. Kuma ya sani cewa daidaituwar jimla ba shaida ba ce ta cewa kome lafiya, gama cinikin da aka manta gaba ɗaya, ko wanda aka rubuta a asusun wani mutum dabam, ba zai hana jimla daidaita ba. Yana da kyau ɗalibi ya keɓe ɗan littafi yana rubuta kurakuransa da dalilinsu, zai tarar 'yan kaɗan ne suke ta komowa.

Na uku, a mayar da darasi cikin Hausa. Da Ingilishi ake koyarwa, da shi ake jarrabawa, saboda haka wajibi ne a ƙware a cikinsa, har a iya rubuta rahoto mai tsabta. Sai dai baƙon harshe yana da wani haɗari, mutum yakan haddace ma'anar kalma ya zuba ta a takarda ba tare da ta ratsa shi ba. Maganin wannan shi ne ya gwada bayyana ta ga wanda bai yi boko ba. Alal misali, mai injin niƙa da ya saya Naira 600,000, wanda ake sa ran zai yi shekara 5 yana aiki, ya kamata a iya gaya masa cewa injin yana cin kansa da Naira 120,000 kowace shekara, kuma sai ya cire wannan kafin ya kira sauran riba. Ɗalibin da ya iya faɗin haka ya gane tsufan kadara. Bugu da ƙari, kansila da manomi da 'yar adashi da zai yi wa aiki gobe, da Hausa za su tambaye shi.

Na huɗu, a haɗa kai mutum uku ko huɗu, kowa ya warware tambaya shi kaɗai tukuna, sa'an nan a zauna a gwama. Taron da mutum ɗaya ke aiki saura na kwafa, ɓata lokaci ne. Idan jarrabawa ta ƙarato, sai a ɗauko tambayoyin shekarun baya a yi su da agogo a gaba, domin da yawa sukan faɗi saboda lokaci ya ƙure musu, ba don rashin sani ba.

Na biyar, a nemi littafi na gaskiya a riƙe. Lokacin hutu ɗalibin Sabuwa ba zai rasa ƙungiyar manoma, ko kantin magani, ko kwamitin masallaci ko na makaranta, da ke bukatar mai rubuta musu shiga da fita ba. A can zai gamu da abin da babu shi a aji: rasit da ya ɓace, bashin da ba shaida, da maigidan da ke ɗibar kuɗin cefane daga cikin jari.

Shirin Shiga Aiki

Digiri ko babbar difloma ƙofa ce ta farko. Cikakken akanta sai ya zama ɗan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da doka ta amince da su. ICAN an kafa ta da doka a 1965, shugabanta na farko shi ne Akintola Williams, wanda ya ƙware a Ingila a 1949, ya rasu a 2023 yana da shekara 104. ANAN an kafa ta a 1979, ta sami amincewar doka a 1993, tana da kwalejinta a Kwall, kusa da Jos. Mai sha'awar haraji kuma akwai CITN. Akwai jarrabawar ATSWA ta ƙananan ma'aikatan akanta na Afirka ta Yamma, wadda ɗalibi zai iya farawa tun yana makaranta, lokacin da karatu bai huce ba. Jarrabawar nan na cin kuɗi, saboda haka a soma tanadi da wuri, a kuma yi amfani da shekarar bautar ƙasa.

Abu na biyu shi ne kwamfuta. Nijeriya ta soma aiki da ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya, IFRS, a 2012. A ɓangaren gwamnatin tarayya an shigo da tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007, aka tilasta asusun bai-ɗaya a 2015. Babu ɗaya daga cikinsu da ake yi da alƙalami. Wanda ya gama makaranta bai iya Excel ba, da aƙalla manhaja ɗaya ta lissafi irin su Sage ko QuickBooks, kamar manomi ne ba fartanya. Amma a tuna, na'ura abin da aka ba ta shi take tarawa, mai hankali ne kaɗai zai gane cewa amsar da ta fitar ba ta yiwuwa.

Abu na uku, a bi sauyin doka. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, a 2025 kuma aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Duk yadda aka bi wajen aiwatar da hukuncin, ya ƙara jawo ido a kan baitulmalin ƙaramar hukuma da masu riƙe da shi. Ma'aikatan da suka daɗe a ofis su ma wannan ya shafe su, domin abin da aka koya shekara 20 da suka wuce bai isa ba.

Wuraren aiki kuwa suna da yawa: ofishin Babban Akanta, ofishin Babban Odita, hukumar tara haraji, kamfanonin binciken kuɗi, da bankuna, har da marasa kuɗin ruwa irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Ba lalle ne kowa ya jira aikin gwamnati ba. 'Yan kasuwar hatsi da ke neman rancen banki sukan rasa shi saboda ba su da rubutaccen lissafin da za su nuna, mai iya shirya musu shi ba zai kwana da yunwa ba. Ɗalibai mata ma suna da fage babba, domin akwai matan aure masu sana'a da ƙungiyoyinsu waɗanda mace ce kaɗai za ta iya shiga ta zauna da su.

Amana

Ranar da ta fi kowace wuya a rayuwar akanta ita ce ranar da na gaba da shi, ko wani ɗan'uwa da yake jin nauyinsa, zai miƙo masa takardar biyan kuɗin aikin da ba a yi ba, ya ce ya sa hannu. A ƙaramin gari, inda kowa ya san gidan kowa, ƙin yin haka ba sauƙi gare shi ba. Garkuwarsa ita ce ƙa'ida. Kada ya biya kuɗi sai da takardun shaida cikakku, kada mutum ɗaya ya zama shi ne mai amincewa da mai biya da mai rubutawa, umurnin da ya saɓa wa ƙa'ida kuwa ya nemi a ba shi a rubuce. Ya tuna cewa sa hannunsa zai zauna a fayil bayan an yi wa maigidan canji, kuma shi odita zai kira. Kuɗin da aka karkatar ɗin nan na rijiyar wani ƙauye ne, ko na albashin malamin firamare.

Wannan hali a makaranta ake gina shi. Ɗalibin da ya saba ƙago adadi don jimla ta daidaita, ko ya saba shiga jarrabawa da satar amsa, ya riga ya fara koyon maguɗi, illa dai ba a ba shi makullin asusu ba tukuna.

Kammalawa

An ga cewa riƙon dukiyar jama'a da rubuta lissafinta tsohon abu ne a ƙasar Katsina, kayan aiki da dokoki ne suke sauyawa. Abin da ake nema ga ɗalibi shi ne ya yi aiki da hannunsa kowace rana, ya bi sawun kuskurensa, ya iya bayyana abin da ya koya da harshen mutanensa, ya fara neman takardar ƙwarewa tun da wuri, ya kuma tsare mutuncinsa. Ga manyan ma'aikata kuwa, haƙƙi ne a kansu idan an turo musu ɗalibai koyon aiki su zaunar da su a kan littattafai na gaskiya, kada su mayar da su 'yan aike, domin waɗannan yara su ne za su gaji kujerun gobe.