Tsakanin zafin Zariya da gurnanin fanka

Duk wanda ya taɓa zama a falon wani ma'abocin kayan sauti a Samaru ko Jushi cikin watan Afrilu ya san ƙarar da nake nufi. An sa waƙar Ɗanmaraya Jos, kuntigi na fita a hankali, amma daga ƙarƙashin kanta sai gurnanin fankar amfilifaya, ga ta inbata a lungu tana amsa mata. An kashe maƙudan kuɗi domin a ji sauti garau, an ɓuge da sauraren iska.

Maganin da wasu ke yi shi ne su kai na'urar wajen mai gyara a Sabon Gari a tsinke wayar fankar. A ganina wannan ganganci ne, domin ba don ado aka sa ta ba. Yawancin amfilifayoyin gwanjo da ke gidajenmu 'yan ajin AB ne, waɗanda kusan rabin wutar da suke ja, ko fiye, zafi take zama. An kuma ƙera su ne da tunanin ɗaki mai digiri 20 zuwa 25, alhali bazarar Zariya kan doshi digiri 40. Masana lantarki na da wani lissafi da ya kamata mai karatu ya riƙe: duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanakin kapasito, wato 'yan gwangwanayen nan masu adana wuta a cikin na'urar. Wanda ya tsinke fanka zai sami shirun da yake so, amma kafin bazara ta sake zagayowa yana iya komawa kasuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda mu da kanmu muke sa fankar kuka. Za a cusa amfilifaya cikin kanta mai murfin gilashi, a ɗora dikoda a kanta, sannan uwargida ta lulluɓe da ƙyalle mai ado, daidai kan ramukan da zafi ke fita. Hunturu kuma ya zo da nasa. Ƙurar Disamba da Janairu tana daskarewa a haƙarƙarin alminiyam da ke tsotse zafi, ta shige gindin fanka har ta fara karkarwa. Sarari kamar kamu ɗaya a sama da gefe, da shara sau ɗaya bayan hunturu, sun isa su rage rabin ƙorafin. Buɗe cikinta kuwa a bar wa mai gyara, don kapasito na riƙe wuta ko bayan an zare soket.

In sauyi ya zama dole, babbar fanka mai milimita 120 da ke juyawa a hankali tana tura iskar da ƙarama mai 80 ke turawa da gudu, ba tare da ihu ba, musamman in an ɗaura ta a kan roba. Mai shirin sayen sabuwa ya duba ajin D, wadda kusan kashi 90 cikin 100 na wutarta ke isa lasifika, shi ya sa da yawansu ba su da fanka ko kaɗan.

Ita inbata, wadda ɗaukewar wuta ta mayar 'yar gida tun zamanin NEPA har zuwa Kaduna Electric, ba ta da abin yi a falo. A kai ta baranda ko sito mai taga, musamman da yake baturan da ake zuba wa ruwa suna fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda tartsatsi kaɗan ke iya tayar da ita.