Shayin Kanti Da Shayin Lambu A Ƙasar Bagudo

Duk baƙon da ya kwana a Bagudo ko Illo ko Ka'oje, in ya fito bayan sallar Asuba, abin da zai fara cin karo da shi a bakin hanya shi ne teburin mai shayi, tukunya na tafasa, gwangwanayen madara da burodi a jere. A cikin gidaje kuwa, musamman lokacin ɗari da watan azumi, da wuya a sami inda ba a ɗora ruwan zafi ba. Amma duk ganyen nan da ake dafawa, babu ko ɗaya da aka tsinko a Jihar Kebbi.

Dalili shi ne itacen shayi yana son tudu mai sanyi da ruwan sama mai yawa, ita kuwa Ƙaramar Hukumar Bagudo kwari ce mai zafi wadda Kogin Kwara ya ratsa. A Nijeriya, bisa tsaunin Mambila na Jihar Taraba ake nomansa, a Kakara kusa da Gembu, tun shekarun 1970. Abin da ake samu can bai isa ƙasa ba, saboda haka sauran sai an sayo daga ƙasashen waje, irin su Sin da Indiya da Kenya.

Bagudo tana iyaka da Jumhuriyar Binin ta wajen Lolo da Tsamiya, kuma daga Tsamiya hanya ta miƙe zuwa Segbana. Koren shayin ƙasar Sin, wanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, yana cikin kayan da 'yan kasuwa suka daɗe suna haurowa da su arewa. Shi ne ake dafawa a 'yar buta bisa gawayi, irin dafuwar Buzaye da Fulani, a sha shi zubi uku: na fari da ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi ya rinjaya.

To, abin da ya dogara ga iyaka, ranar da iyaka ta motsa sai ya motsa. Da Gwamnatin Tarayya ta rufe kan iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, kayan shigowa sun yi tsada. A 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, darajar Naira ta faɗi a gaban Sefa, sai kuɗin ganye da sukari da madara suka haura gaba ɗaya. Ƙaramin ma'aikaci mai iyali ya fi kowa sanin haka.

Sai dai ƙasar da ta ƙi itacen shayi ta karɓi wasu tsirrai masu yawa. Akwai zoɓo, watau jan furen yakuwa, wadda mutanen wannan yanki ke kira sure. Akwai zogale da ɗoɗɗoya da na'a-na'a, da kuma ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da mutanen Binin ke kira sitironel. A daji akwai farar geza, wadda a Senegal da Mali ake kira kinkeliba, ana buɗa baki da ruwanta a watan azumi. Citta ma ta gida ce, daga Kachia ta Jihar Kaduna ake kawo ta.

Shuka su ba ta bukatar fili. Tsohuwar tukunya ko fasasshen bokiti ya isa na'a-na'a, muddin ta sami inuwa da laima. Ganyen da aka tsinka a wanke shi, a shanya a inuwa, domin rana tana kashe ƙamshinsa, sa'an nan a adana a cikin kwalba mai murfi.

Masu lambu kuma suna da nasu shayin, wanda shuka ke sha. Ana zuba ruɓaɓɓen takin shanu ko na tumaki a buhu, a ɗaure, a nitsa shi cikin randa ko duro na kamar mako guda. Idan ruwan ya rine sai a sirka shi har ya yi kalar shayi marar kauri, a zuba a gindin shuka. Kada a yayyafa shi bisa ganyen da za a dafa, kada kuma a yi amfani da ɗanyen kashi, don yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. A ƙasar makiyaya kamar Ka'oje, taki ba abin nema ba ne.

Har ila yau akwai gargaɗin masana lafiya. Shan baƙin shayi tare da abinci yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa, saboda haka mace mai ciki da mai ƙarancin jini su jinkirta shi sai bayan cin abinci da kamar awa ɗaya. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi kada sukarinsa na yini ya wuce kimanin giram 50, watau ƙaramin cokali 12. Mai zuba cokali huɗu a kofi, in ya sha kofi uku ya cinye rabonsa. Kuma ruwan ganye ba ya maye gurbin gwaji da maganin zazzaɓin cizon sauro.

Ya kamata malaman gona na Ƙaramar Hukuma da shugabannin makarantu su keɓe 'yan kadada su raini irin waɗannan tsirrai, su raba wa ɗalibai su kai gida. Gidan da ke da tukunyar na'a-na'a da gindin zogale, ko an rufe Tsamiya ko an buɗe, ba zai rasa abin ba baƙo ba.